Sarauta biyu a shekara ɗaya: yadda aka auna talabijin da majigi a New York a 2022

A garin Scarsdale, arewa kaɗan da birnin New York, akwai wani shagon kayan kallo da sauti mai suna Value Electronics. Tun 2004 mai shagon, Robert Zohn, yake shirya wata gasa kusan kowace shekara. Akan jera manyan talabijin na kamfanoni daban-daban, a tura musu hoto iri ɗaya a lokaci guda, a zaunar da alƙalai su wuni suna kallo suna ba da maki. Wanda ya fi maki sai a naɗa shi sarkin talabijin na wannan shekarar. Alƙalan mutane ne da abincinsu ke cikin ido: masu gyaran launin fina-finai, masu saita allo, masu sharhin kayan kallo.

A 2022 zama biyu aka yi. A ƙarshen Yuli aka gwada talabijin. A Disamba aka sake haɗuwa don manyan majigai na gida, irin waɗanda ake ratayewa a silin su cilla hoto zuwa allon da ke bango. Kowane zama ya fitar da sarakunansa, amma ba a ɗauki sarakunan an jera su a bango ɗaya an ce wa ya fi wani ba. Wannan giɓin shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk lamarin, domin tambayar da mai kuɗi a hannu yake yi ke nan: talabijin zan saya ko majigi? Amsar tana cikin abin da zaman biyu suka nuna, sai dai mutum ya haɗa lissafin da kansa.

Abin da alƙalai suke dubawa

Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka ana zaɓen hoton da ya fi ƙayatarwa ne. A tsakiyar jerin akwai wani ɗan allo mai inci 31, Sony BVM-HX310, wanda kuɗinsa ya kai wajen dala 30,000. Irinsa ne ake ajiyewa a ɗakunan da ake kammala fim, inda mai gyaran launi yake yanke hukuncin yadda fatar ɗan wasa za ta fito da yadda dare zai yi duhu. Shi ne ma'auni. Aikin alƙali shi ne ya dubi wannan allon, ya dubi talabijin, ya ce wanne ne ya fi kusa da shi. Kafin ranar gasa masu saiti sukan bi kowane talabijin da na'urar awo, su kai farinsa daidai ma'aunin da ake kira D65, su kashe duk wani kwalliyar da kamfani ya cusa don jan idon mai saye a shago: ƙarin kaifi, ƙarin launi, da sulɓin motsin nan da ke mayar da fim kamar shirin da aka ɗauka da waya.

Ina ganin wannan tsari daidai ne, kuma ina kare shi duk lokacin da aka yi musu. Idan aka bar wa ido zaɓi ba tare da ma'auni ba, kullum wanda ya fi haske da shuɗi ne zai ci, kamar yadda abincin da ya fi gishiri yake cin loma ta farko. Sai an zauna da shi awa biyu ake gane ya gajiyar da mutum.

Zaman Yuli

A ajin 4K akwai Sony A95K, Samsung S95B da LG G2, dukansu OLED, sannan ga masu fitilu a baya, wato mini-LED, daga Samsung da Sony. A95K ne ya ɗauki sarauta. A ajin 8K kuma, wanda ya fi 4K yawan ɗigon hoto, LG Z2 ya ci, shi ma OLED.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Allon 4K yana da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan. A OLED kowane ɗigo fitilar kansa ce. Idan an ce masa baƙi, sai ya mutu murus, maƙwabcinsa kuma yana iya ci da cikakken haske. Talabijin mai mini-LED kuwa LCD ne da aka shimfiɗa wa ƙananan fitilu a baya, aka raba su gida-gida, ɗaruruwa ko dubbai. Yana iya fin OLED haske nesa ba kusa ba, amma gida ɗaya na fitila yana ɗauke da dubban ɗigo. Sai a nuna taurari a sararin sama ko rubutun fassara a ƙasan fim, ka ga wani hazo ya kewaye farin, kamar wata ya yi sansani. A falo mai haske ba kowa ke lura ba. A ɗaki mai duhu, kusa da allon ma'auni, alƙali ba zai rasa gani ba.

Tarihin gasar ma haka yake karkata. A zamanin fulasma, irin allon talabijin da ya yi tashe kafin OLED, Kuro na kamfanin Pioneer ya yi suna a wannan fage, kuma kalmar kuro a Japananci baƙi take nufi. Pioneer ya sanar da barin harkar talabijin a 2009, Panasonic ya daina fulasma a 2014, sai OLED ya gaji wurin. A mafi yawan shekaru, allon da ɗigonsa ke haska kansa ne yake tafiya da rawani.

Abin da ya zama sabo a 2022 shi ne QD-OLED, wanda A95K da S95B suka zo da shi daga masana'antar Samsung Display. OLED ɗin LG yana ƙara farin ɗigo a gefen ja da kore da shuɗi don samun haske, don haka launi mai tsananin haske yakan ɗan koɗe. QD-OLED shuɗin haske yake fitarwa, wasu ƙananan ƙwayoyi su juya shi zuwa ja da kore tsantsa, babu fari a ciki. Ja yana haske yana nan jansa. Tunda Sony da Samsung allo iri ɗaya suka yi amfani da shi, abin da ya raba su shi ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton: yadda take fito da abin da ke cikin inuwa, da yadda take riƙe launi inda mai fim ya ajiye shi.

Zaman Disamba

An raba majigai masu cilla hoto daga nesa gida uku bisa tsada, kuma kamfanin JVC ya kwashe duka ukun da NP5 da NZ8 da NZ9. A ƙaramin aji akwai irin su Epson LS12000 da Sony XW5000ES. A babban aji NZ9 ya kara da Sony XW7000ES, kowannensu ya haura dala 25,000.

A takarda Sony ya fi haske kaɗan, lumen (ma'aunin hasken majigi) 3,200 a kan 3,000 na JVC. Amma abin da ya ba OLED nasara a Yuli shi ne ya ba JVC a Disamba, wato baƙi. Majigi ba ya iya kashe ɗigo ɗaya. Fitilarsa, ko ta leza ce ko kwan fitila, tana ci koyaushe, wani ɗan faifai a ciki ne yake ƙoƙarin tare hasken daga inda ya kamata ya yi duhu. Kullum wani abu yakan zurare. Faifan JVC, wanda suke kira D-ILA, ya daɗe da yin suna wajen tarewa fiye da na kowa. Kamfanin yana cewa tazarar fari da baƙi a NZ9 ta kai 100,000 a kan 1. Ga kuma dabarar da suka shigo da ita a 2019, Frame Adapt HDR, wadda take duba kowane hoto a cikin fim ta matse haskensa ya shiga iya abin da majigin zai iya. Muhimmancin wannan dabarar zai fito a lissafin da ke tafe.

Dala 25,000 a hannu

A 2022 ɗin dai LG ya fitar da OLED mai inci 97 a kan kusan dala 25,000, kusan kuɗin NZ9. Ga mutum ɗaya, kuɗi ɗaya, hanya biyu. Mu auna.

Hasken allo da nit ake auna shi. Fim na tsarin yau da kullum, wanda ake kira SDR, ana kammala shi a kan nit 100. Na HDR, wato tsarin da ya fi faɗin tazara tsakanin haske da duhu, yawanci a kan nit 1,000 ko 4,000, tsarin kansa kuma ya bar fili har 10,000. A95K yana kai wajen nit 1,000 a ƙaramin yanki na allo, kamar ƙyallin rana a jikin mota ko harshen wuta. Idan allon duka ya zama fari yakan rage sosai, zuwa wajen 200, don kare kansa daga zafi. Masu mini-LED na sama sukan kai kusan ninki biyu na wannan ƙololuwar.

Shi majigi da lumen ake auna shi, jimillar hasken da ke fita daga bakinsa ke nan, kuma dole ya watsu a kan allo. Allo mai inci 120 faɗinsa mita 2.66 ne, tsayinsa mita 1.49, filinsa kusan murabba'in mita 4. Idan aka zuba lumen 3,000 a kan farin allo na yau da kullum mai wannan girma, lissafi yana ba da nit 240. Wannan kuma kafin saiti ne. Da zarar an daidaita launi, musamman in an saka matatar da ke faɗaɗa launi, haske yakan ragu. A lumen 2,000 nit 160 ake samu. A ƙara allon zuwa inci 150, lumen 3,000 ɗin ya dawo nit 150 da ɗoriya. Ke nan fim ɗin da aka kammala a nit 1,000 sai an matse shi ya shiga kashi ɗaya cikin biyar ko shida na wurinsa. In an matse da ganganci, ko gajimare ya zama farin faci babu zane, ko fuska ta nutse cikin duhu. Aikin da Frame Adapt yake yi ke nan, kuma shi ya sa masu majigi suke maganarsa kamar yadda manomi yake maganar damina.

Mai karatu zai ce to an gama, talabijin ya ci. Kada a yi gaggawa. Gidajen sinima na duniya a kan nit 48 suke nuna fim. Ko Dolby Cinema, da ake biyan kuɗi na musamman don shigarsa, nit 108 ne. Babu wanda ya taɓa fitowa daga sinima mai kyau yana cewa rana ba ta yi haske ba. Idon ɗan Adam yana sabawa da duhun da ke kewaye da shi, ya buɗe, ya ɗauki abin da ya fi komai haske a wurin a matsayin fari. A cikin ɗaki mai duhu sosai, nit 150 a kan bango guda haske ne mai yawa.

Sai dai wannan sharaɗi, ɗaki mai duhu sosai, shi ne gaba ɗayan maganar, kuma a nan nake so in tsaya.

Baƙin majigi na ɗaki ne

Allon majigi fari ne. Ka tsaya ka dube shi kafin a kunna komai: abin da kake gani shi ne iyakar baƙin da za ka samu. Majigi yana ƙara haske ne kawai, ba ya iya ɗebewa. Idan ƙaramar fitila ko hasken da ke shigowa ta gefen labule ya sauke lus 10 (ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu) a kan allon, wanda haske ne da ko karatu ba a yi da shi cikin daɗi, allon zai mayar da kusan nit 3. Farin hoton nit 150, baƙinsa nit 3: tazarar ta dawo 50 a kan 1. Wancan 100,000 da aka biya dala 25,000 dominsa ya tafi saboda labule bai rufu ba.

Ko an toshe kowace kafa, ɗakin bai gama da kai ba. Hasken da allon ya mayar yakan bugi farin silin da farin bango da tayil mai sheƙi, ya komo kan allon ya wanke duhun hoton. Shi ya sa idan aka auna da hoton dara, gida fari gida baƙi har 16 a lokaci guda, manyan majigai ma 'yan ɗaruruwa a kan 1 suke bayarwa. Masu ɗaukar abin da gaske sukan yi wa silin baƙin fenti, su lulluɓe bangon da ke kusa da allo da baƙin karammiski, su shimfiɗa kafet mai duhu. Wanda ya sayi NZ9 ya rataye a falo mai farin fenti da tagogi uku ya sayi rabin kaya ne. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin na'urar ba ta yi laifin komai ba, kuma mai ita zai yi ta tunanin an cuce shi.

Mu nan ba baƙin wannan darasi ba ne. Tun zamanin Turawa, da motar majigi take shiga gari, ba a fara haskawa sai duhu ya sauka. Sinimomin da aka yi a biranen Arewa da yawansu ba rufi, don haka dare ne yake buɗe su. Yau ma duk wanda ya kalli wasan ƙwallon ƙarfe uku na rana a gidan kallo mai majigi ya ga yadda koren fili yake zama ruwan toka saboda hasken da ke ratsowa ta ramukan kwano, ya kuma ga yadda hoton wannan majigin yake farfaɗowa a wasan dare. Na'urar ba ta canza ba.

OLED ba ya da wannan lalura sosai, tunda fuskarsa baƙa ce tun asali. Yana da tasa ƙarama: gilashinsa yana nuna taga da fitila kamar madubi, kuma QD-OLED na 2022 baƙinsa yakan ɗan yi toka idan haske mai ƙarfi ya faɗa masa kai tsaye. Amma tsakanin wannan da abin da rana take yi wa allon majigi akwai tafiya mai nisa.

Abin da takardar maki ba ta ɗauka

Duk gwajin da aka yi a Yuli an yi shi ne tsakanin allo masu girma kusan ɗaya, don haka girma bai shiga maki ba. A gida kuwa yana shiga. Allo mai inci 120 ya ninka mai inci 65 sau uku da kusan rabi a fili. Wanda ya zauna mita 3 daga inci 65, hoton yana cike digiri 27 na abin da idonsa ke gani. A wannan kujerar dai, inci 120 yana cike digiri 48. Ƙungiyar injiniyoyin fim ta SMPTE digiri 30 take ba da shawara a matsayin mafi ƙaranci, kamfanin THX mai tsara ma'aunin sinima kuma wajen 36 zuwa 40. Ke nan yawancin masu inci 65 suna zaune nesa da yadda aka tsara a kalli fim.

Akwai kuma maganar kaifi. Ido mai lafiya yana rarrabe abu har kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Da wannan lissafi, sai mutum ya matso kusan mita 1.3 kafin ya ci moriyar duk ɗigon 4K a inci 65. A inci 120, daga mita 2.4 ake samun haka, wanda zama ne na hankali. A gefe guda, ɗigon talabijin a tsaye yake cak inda aka dasa shi, na majigi kuwa sai ya ratsa gilasai da yawa, kuma ja da kore da shuɗi daga faifai uku suke zuwa, sai an daidaita su sun hau kan juna. Wannan ne ya sa gilashin NZ9 yake da faɗin milimita 100, kuma kaso mai tsoka na tsadarsa a nan yake.

Wani abin kuma ba shi da lamba. Hoton da ya faɗo a kan allo ya dawo ido yana da taushi irin na abin da aka haska, kamar bango da rana ta buga, saɓanin fitilar da ke kallonka kai tsaye. Mutane da yawa sukan ce ya fi musu sauƙi a dogon kallo. Ni ma ina cikinsu. Fim ɗin da aka ɗauka don sinima, mai faɗin hamada ko taron jama'a, idan ya cika bango yakan sa mutum ya juya kai ya bi abin da ke faruwa a gefe, kuma wannan juyawar wani ɓangare ne na yadda mai fim ya so a ji labarinsa.

Inda na tsaya

Idan ma'aunin shi ne na alƙalan New York, wato kusanci da allon situdiyo a baƙi da haske da launi, A95K na kusan dala 4,000 ya fi NZ9 na dala 25,000, kuma ban ga mai gaskiyar da zai musa ba. Majigan JVC da Sony na 2022 ko Dolby Vision, wani nau'in HDR, ba sa karɓa. Mai falo guda, inda yara suke kallo da rana, baƙi suke zama, ake bin labarai da ƙwallo, talabijin ne nasa, kuma in falon yana da haske sosai mini-LED zai iya fi masa OLED amfani duk da sakamakon gasar. Sai dai mai OLED ya kula da tashar da tambarinta ke tsaye wuri ɗaya awa da awanni kullum, don yana iya barin tabo.

Majigi na wanda yake da ɗakin da zai sadaukar ne, ya rufe tagoginsa, ya yarda da baƙin silin, ya tanadi sanyi da tsabta, domin zafi da ƙura abokan gabar na'urar ne, ƙurar hunturu kuma ba ta jin rarrashi. Irin wannan mutum, idan yana son inci 130 ko 150, a 2022 ba shi da wata hanya mai sauƙin kuɗi sai majigi, kuma abin da zai gani a ɗakin nan talabijin mai inci 65 ba zai ba shi ba komai kyawun baƙinsa.

Iyakar da ke tsakanin biyun tana matsawa. Bayan wannan gasa, TCL da Hisense sun cika kasuwa da talabijin masu inci 98 da 100 a farashin da bai kai na matsakaicin majigi ba, har aka fara ganin masu inci 115. Wanda a da yake sayen majigi don kawai ya kai inci 100 yanzu yana da zaɓin da ba ya tsoron taga. Abin da ya rage masa shi ne ya auna ƙofar gidansa da kwanar bene kafin ya biya, domin talabijin mai inci 98 faɗinsa ya haura mita 2 kuma ba ya lanƙwasuwa, allon majigi kuwa a naɗe yake shigowa a ɗaure shi a ciki.